Gundumar Can Gio, Ƙofar Saigon ta Bakin Teku: Bayani a kan Ƙasarta da Tarihinta

1. Gabatarwa

Kudu maso gabas da birnin Ho Chi Minh, watau birnin da aka sani da Saigon kafin 1976, akwai wani yanki na laka da kurmi da rassan kogi wanda mutanen Biyetnam ke kira Can Gio. Tsakaninsa da tsakiyar birnin kamar kilomita 50 ne. Faɗinsa murabba'in kilomita 704, watau kusan sulusin ƙasar birnin bisa iyakokinta na kafin 2025. Amma a ƙidayar 2019 mutum 71,526 kaɗai aka samu a cikinsa, alhali kuwa birnin duka yana da kusan miliyan 9. Wanda ya dubi waɗannan alƙaluma zai zaci wani lungu ne wanda tarihi bai taɓa bi ta kansa ba. Ba haka abin ya ke ba. Tun daga ƙarni na 17, yawancin waɗanda suka nufi Saigon ta teku, fatake ne ko mayaƙa, ta nan suka bi. Waɗanda aka kora daga Saigon kuwa, da dama daga cikinsu nan suka zo suka ɓuya.

Nufin wannan takarda shi ne a nuna cewa waɗannan halaye biyu, zama ƙofa da zama maɓoya, daga yanayin ƙasar kanta suka fito, watau daga zurfin kogi guda da duhun kurmin da ya kewaye shi. Za mu ga kuma yadda wannan ya jawo aka hallaka kurmin da gangan, da yadda aka sake dasa shi da hannu, da abin da ke fuskantarsa yanzu.

2. Sunayen wurin

Ya kamata mu fara da sunaye, domin harafin boko ɗaya ba sauti ɗaya ya ke wakilta a kowane harshe ba. Rubutun Biyetnam na yanzu ya samo asali ne daga aikin 'yan mishan na ƙarni na 17, wanda ƙamusun Alexandre de Rhodes na 1651 ya tattara. A cikinsa harafin c sautin k ne, ba irin c ɗin Hausa ba. Gi kuwa mutanen arewa suna furta shi kamar z, na kudu kamar y. Saboda haka Can Gio a bakin mutumin Hanoi ya yi kusa da "Kan Zo", a bakin ɗan wurin kuwa "Kang Yo", ko da ya ke wasulan biyu na tsakiyar baki ne, irin waɗanda Hausa ba ta da su. Harshen mai karin sauti ne kamar Hausa, sai dai su suna sa alamar karin a rubutunsu na yau da kullum. Mun bar alamomin a nan don sauƙin bugu. Akwai waɗansu garuruwan kudu masu farawa da wannan gaɓa, kamar Can Tho da Can Giuoc da Can Duoc, kuma waɗansu masana suna mai da asalin irin waɗannan sunaye ga harshen Khmer, na mutanen da suka riga 'yan Biyetnam zama a yankin.

Suna na biyu shi ne Rung Sac, wanda a ke kiran kurmin da shi. Rung daji ke nan, sac kuwa sunan itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri. To, a karin harshen kudu baƙin t da baƙin k sun haɗe a ƙarshen irin wannan gaɓa, har sac da sat suka zama furucinsu ɗaya. Sat kuwa kalma ce da aka aro daga harshen Sin mai ma'anar kisa. Daga nan baƙi suka riƙa rubuta Rung Sat, sojojin Amurka kuma suka fassara shi da cewa dajin makasa. Ga misalin yadda kuskuren kunne ya kan haifi ma'anar da masu harshe ba su nufa ba. Sai a lura kuma, Rung Sac ya fi gundumar faɗi, gama ya shiga har cikin ƙasar Nhon Trach ta lardin Dong Nai.

3. Koguna da teku

Kogin Dong Nai, wanda ke gangarowa daga tsaunukan tsakiyar ƙasar, yana haɗuwa da kogin Saigon a gefen birnin, su zama kogi ɗaya mai suna Nha Be. Bai yi nisa ba sai ya rabu biyu. Reshen yamma, Soai Rap, mai faɗi ne amma ba shi da zurfi a bakinsa, domin yashi da laka suna taruwa a wurin. Reshen gabas, Long Tau, ƙunci gare shi da yawan lanƙwasa, amma yana da zurfi, ya kan ɗauki manyan jiragen ruwa ba tare da an sha wahalar yashe shi ba. Shi ne ya ratsa tsakiyar kurmin, ya bi ta mahaɗar da a ke kira Nga Bay, watau mararraba bakwai, ya faɗa mashigin teku na Ganh Rai daura da garin Vung Tau. Daga bakin teku zuwa tsohuwar tashar jiragen Saigon kimanin kilomita 80 ne ta wannan hanya. Ƙasar Can Gio ita ce wadda ke tsakanin Soai Rap a yamma da kogin Thi Vai a gabas, ɗaruruwan ƙoramu sun yayyanka ta tsibiri-tsibiri.

Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce ƙwarai. Mafi yawanta bai kai mita 2 bisa teku ba, wurin da ya fi ko'ina tudu kuwa shi ne ɗan dutsen Giong Chua, wanda bai wuce mita 10 da 'yan kai ba. Sau biyu a yini teku ya kan ciko ya janye, bambancin cikowa da janyewa ya kan kai mita 2 zuwa 4. Idan ya ciko sai kurmin ya zama tafki, kwale-kwale ya shiga inda ya ga dama. Idan ya janye sai a bar laka mai nutsar da mutum har cinya. Damina daga watan Mayu ta ke zuwa Oktoba, da iskar kudu maso yamma. Rani kuma daga Nuwamba zuwa Afrilu. Da rani ruwan koguna ya kan ragu, gishiri ya hauro can ciki. Saboda haka babbar matsalar mazauna wurin tun fil azal ita ce ruwan sha: suna zaune a tsakiyar ruwa, amma a da sai sun tari na sama a randuna ko sun sayi wanda aka kawo cikin jirgi.

Inda mutum zai iya kafa gida shi ne kan dogayen tuddan yashi da jar ƙasa waɗanda a ke kira giong, abin da ya yi daidai da jigawa a Hausa. A kansu tsofaffin garuruwa su ke, kamar Can Thanh da Long Hoa na bakin teku.

4. Kurmin gishiri

Itatuwan wannan kurmi suna rayuwa ne inda sauran itatuwa ba su iyawa, cikin laka marar iska da ruwa mai gishiri, kuma kowane iri da matsayinsa. A bakin sabuwar laka, inda ruwa ke rufewa kullum, itatuwan mam da ban ne ke fara kamawa. Saiwoyinsu su kan ɓullo sama kamar tsinke dubu-dubu don shaƙar iska, su ne kuma ke tare lakar da kogi ya kawo har ta daskare. Bayansu sai itacen duoc, wanda masana tsirrai ke kira Rhizophora apiculata, mai saiwoyi da ke fitowa daga gindinsa su lanƙwaso ƙasa kamar ƙafafun gizo-gizo. A inda ruwan ya fi daɗi, gefen ƙoramu, akwai wani irin kwakwa marar gangar jiki, mai suna dua nuoc, wanda a ke jinka da ganyensa. Wannan shi ne tsiron da aka kai Kalaba a 1906, ya bazu a bakin tekun Nijeriya har yana ture itatuwan asali na can.

Akwai wani hali na duoc wanda ya kamata mai karatu ya riƙe, domin zai taimake shi gane abin da ya faru daga baya. 'Ya'yansa tun suna bisa uwa su ke tsira, su yi tsawo kamar tsinin mashi, sa'an nan su faɗo. Wanda ya faɗa kan laka sai ya kafe ya yi saiwa, wanda ya faɗa ruwa kuwa sai igiya ta tafi da shi. Ba ya ajiye iri cikin ƙasa ya jira shekaru, idan kuma aka kashe shi ba ya tohowa daga kututture. Watau in iyaye suka ƙare a wuri, kurmin ba shi da abin da zai sake tashi da shi sai abin da ruwa ko mutum ya kawo daga wani wuri.

5. Mutanen farko

A kan jigayin Long Hoa masu tonon kayan tarihi suka gano wani tsohon mazauni mai suna Giong Ca Vo, aka yi babban tono a wurin a 1994. An sami ɗaruruwan manyan tuluna waɗanda aka binne mutane a ciki, tare da duwatsun wuya na gilashi da na jan dutse, da awarwaro, da kayan ƙarfe da 'yan kayan zinariya, da 'yan kunne masu siffar dabba mai kai biyu. An ƙiyasta shekarun wurin da kimanin 2,500 zuwa 2,000. Irin waɗannan 'yan kunne an same su a tsakiyar Biyetnam da Filifin da Tailan, duwatsun wuyan kuma suna nuna hulɗa da hanyar fataucin Indiya. Abin lura a nan shi ne, wurin da ba a noman shinkafa, ba kuma ruwan sha isasshe, ba zai tara irin wannan dukiya ba sai ta hanyar ciniki da sana'a. Tun a wancan zamani ke nan bakin kogin ya zama zangon da kayan teku ke haɗuwa da na tudu.

Daga baya yankin ya shiga ƙarƙashin daular Funan, sa'an nan ta Khmer. A ƙarni na 17 manoma da masunta 'yan Biyetnam suka soma gangarowa daga tsakiyar ƙasar cikin jiragen ruwa. A 1679 waɗansu mayaƙan Sin kimanin 3,000, magoya bayan gidan sarautar Ming da aka kayar, suka nemi mafaka wurin sarakunan Nguyen masu mulkin kudu. Aka tura su wannan yanki. Ƙungiyar da Tran Thuong Xuyen ke shugabanta ta shiga ta bakin Can Gio ta haura zuwa Bien Hoa, inda ta kafa babbar kasuwa. A 1698 kuma Nguyen Huu Canh ya zo ya tsara mulkin yankin da sunan Gia Dinh, daga nan a ke ƙirga kafuwar Saigon.

6. Ƙofar birni

Da Saigon ta zama kasuwar shinkafa, sai bakin Can Gio ya zama wurin da ba a sakaci da shi. Aka sa masu tsaro da masu karɓar kuɗin fito, jirgin baƙo kuwa sai ya tsaya nan ya jira izini kafin ya haura. Wani matuƙin jirgi ɗan Amurka, John White, ya bi ta nan a 1819, ya kuma rubuta sunan wurin Canjeo a littafin tafiyarsa.

Kafin zuwansa an riga an zub da jini da yawa a wannan ƙofa. A yaƙin basasa tsakanin 'yan'uwan Tay Son da Nguyen Anh, rundunar jiragen Tay Son ta shigo ta Can Gio a 1782, aka gwabza a Nga Bay. Mayaƙan Nguyen Anh suka karye, wani Bafaranshe mai suna Manuel da ke jagorantar ɗaya daga jiragensa ya mutu tare da jirgin cikin wuta. A 1783 suka sake dawowa ta hanyar nan. Bayan da Nguyen Anh ya ƙwato Gia Dinh a 1788 sai ya juya al'amarin: ya kan jira iskar kudu maso yamma ta kaɗa, ya fito da jiragensa ta Can Gio ya kai hari arewa, kamar yadda ya yi a 1792 sa'ad da ya ƙone jiragen abokan gabansa a Thi Nai. Da haka har ya ci ƙasar duka, ya hau gadon sarauta a 1802 da sunan Gia Long.

Turawa ma da suka zo da yaƙi hanyar nan suka bi. A ranar 10 ga Fabrairu 1859 rundunar jiragen Faransa da Sifen, a ƙarƙashin Rigault de Genouilly, ta yi wa ganuwar Vung Tau ruwan igwa. Kashegari ta shiga bakin Can Gio, ta riƙa haurawa tana rushe sansanonin gefen kogi ɗaya bayan ɗaya, a ranar 17 ga wata ta ci ganuwar Gia Dinh. Mako guda ke nan daga teku zuwa birni. A 1860 Faransawa suka buɗe tashar Saigon ga jiragen kowace ƙasa, a yarjejeniyar 1862 kuma aka sallama musu larduna uku na gabashin kudu. Shinkafa da roba da suka arzuta mulkin mallaka ta Long Tau suka riƙa fita, kurmin kuwa ya zama wurin saran itacen wuta da ƙona gawayi don birni.

7. Maɓoya

Kurmin da ya sa wa kogin shinge dama da hagu shi ne kuma ya ba masu tawaye mafaka. Sojan ƙasa ba ya iya tafiya cikin lakarsa, babban jirgi ba ya shiga ƙoramunsa, wanda bai san lokutan cikowar teku ba kuwa sai ruwa ya janye ya bar shi a kafe. Truong Dinh, wanda ya ƙi ajiye makamai bayan yarjejeniyar 1862, ya koma Ly Nhon a yammacin gundumar a 1863 bayan an kore shi daga Go Cong, kafin mutuwarsa a 1864. A 1955 ƙungiyar Binh Xuyen, wadda ta riƙe 'yan sanda da gidajen caca na Saigon, ta sha kashi a hannun gwamnatin Ngo Dinh Diem, ragowarta ta gudu cikin Rung Sac. A watannin Satumba da Oktoba na shekarar aka yi mata ƙawanya aka murƙushe ta, shugabanta Le Van Vien ya tsere zuwa Faransa.

Mafi tsananin abin ya zo ne a yaƙin Amurka. Man fetur da makamai da abinci masu yawa ta Long Tau su ke shiga Saigon. Wanda ya toshe kogin ya shaƙe birnin. A ranar 15 ga Afrilu 1966 'yan gwagwarmayar kwaminis suka kafa runduna ta musamman a kurmin, wadda aka sani da Runduna ta 10, aikinta dasa nakiya a ruwa da harbin jirage daga gefe. A ranar 23 ga Agusta 1966 nakiyarsu ta tashi da jirgin kaya na Amurka mai suna Baton Rouge Victory, ma'aikatansa 7 suka mutu. Aka tura shi gefe don kada ya tare hanya. A ranar 3 ga Disamba 1973 kuma suka ƙone babbar ma'ajiyar mai ta Nha Be. Zaman da suka yi a ciki ba mai daɗi ba ne: sai sun dafa ruwan gishiri sun tari tururinsa kafin su sha, ga zazzaɓi, ga kadoji. Fiye da mutum 800 na rundunar suka mutu a wurin, da yawa ba a ga gawarsu ba.

8. Hallaka kurmin

Da ya ke ba a iya fitar da mayaƙan daga cikin kurmin ba, sai aka yi shawarar kawar da kurmin daga kansu. Daga 1962 zuwa 1971 jiragen saman Amurka sun yi ta fesa magungunan kashe ganye a kudancin Biyetnam. Wanda ya fi shahara shi ne Agent Orange, sunan da ya samu daga launin zoben da a ke shafa wa gangunansa, a cikinsa kuwa akwai dafin da a ke kira dayoksin. Rung Sac yana cikin wuraren da suka fi shan feshi, musamman a rabin ƙarshe na shekarun 1960, har ya shafi fiye da rabinsa.

A dajin tudu itace ya kan zub da ganye ya sake tohowa, sai an maimaita feshi kafin ya mutu. Duoc kuwa feshi ɗaya ya kan kashe shi. Da iyayen suka mutu sai iri ya yanke, bisa dalilin da muka ambata a baya. Rana ta gasa lakar da ba ta da inuwa, gaɓar ƙoramu ta riƙa zaizayewa, masu neman itacen wuta suka kwashe busassun kututture, ƙaguwa kuma ta riƙa cinye ɗan tsiron da ya samu ya kafe. Inda ƙasa ta ɗan yi tudu sai wani gajeren dabino mai ƙaya da ciyayi marasa amfani suka mamaye. A rahoton da Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta fitar a 1974 an ƙiyasta cewa kashi 36 cikin 100 na kurmin gishirin kudancin Biyetnam ya lalace, kuma in an bar shi da kansa zai iya ɗaukar fiye da shekara 100 kafin ya komo.

9. Sake dasawa

Bayan ƙarewar yaƙi a 1975 aka haɗa yankin ya zama gunduma ɗaya mai suna Duyen Hai, watau bakin teku, a cikin lardin Dong Nai. A 1978 aka mai da ita ƙarƙashin birnin Ho Chi Minh, a 1991 kuma aka mayar mata da tsohon sunanta. A 1978 ɗin aka fara dashe. Tun da babu iri a wurin, sai aka riƙa ɗauko 'ya'yan duoc cikin jiragen ruwa daga Ca Mau, can ƙarshen kudancin ƙasar, tafiyar kwanaki, wanda ya daɗe a hanya ya lalace. Ma'aikatan daji da ƙungiyoyin matasa da mutanen ƙauyuka, mata da yara a cikinsu, suka riƙa shiga laka idan teku ya janye suna kafa tsiron ɗaya-ɗaya da hannu. Cikin shekara 20 an dasa kimanin hekta 20,000. Da inuwa ta samu sai mam da ban da sauran ire-ire suka soma dawowa da kansu, kurmin duka ya haura hekta 30,000.

Dasawa ba ta isa ba sai da tsaro, domin talaka mai bukatar gawayi ba zai bar itace tsaye don an ce na hukuma ne ba. Dabarar da aka yi tun wajen 1990 ita ce a damƙa wa iyali wani yanki na kurmin, su zauna a ciki su tsare shi, a biya su kuɗi a shekara, a kuma bar su su kama kifi da ƙaguwa a ƙoramunsa. Da wannan ɓarayin itace suka ragu. A ranar 21 ga Janairu 2000 hukumar UNESCO ta sa Can Gio cikin jerin keɓaɓɓun wuraren halittu na duniya, na farko a Biyetnam, mai faɗin hekta 75,740, daga ciki hekta 4,721 cibiya ce da ba a taɓawa. Tsuntsaye da birai da jemagu sun dawo. Amma kada a ɗauka kurmin da ne ya komo yadda ya ke. Mafi yawan abin da aka dasa iri ɗaya ne, sa'o'in juna, a cunkushe, irin wannan kuwa ya fi saurin kamuwa da ƙwari da faɗuwa gaban iska, kamar yadda aka gani a wani sashe sa'ad da guguwar Durian ta bugi wurin a Disamba 2006. Duk da haka kurmin yana rage ƙarfin igiya da iska kafin su kai birni, yana riƙe gaɓar kogin da jirage ke bi.

10. Zaman mutane

Yawancin sana'o'in gundumar na ruwan gishiri ne. Da rani a kan yi gishiri a Ly Nhon da tsibirin Thieng Lieng, ta hanyar tare ruwan teku a fakakai har rana ta busar da shi. Ana kiwon jatan lande a tafkuna, ana kiwon kumba a rairayin bakin teku, ana busar da kifi. A 'yan shekarun nan an gina dogayen ɗakuna marasa tagogi don wata irin tsattsewa da ke gina sheƙa da yawunta, sheƙar kuwa abinci ce mai tsada a kasuwannin Sin da Biyetnam. A jigayin Long Hoa da Can Thanh akwai gonakin mangwaro. Masunta suna girmama ƙatuwar dabbar tekun nan mai shayarwa wadda ta fi kowace dabba girma, suna kiranta Ca Ong, watau dattijon kifi, sun kuma gaskata tana ceton wanda jirginsa ya kife. Ƙasusuwan wata suna ajiye a ɗakin bauta na Can Thanh, kowace shekara a tsakiyar wata na 8 na lissafinsu a kan yi bikin Nghinh Ong, jirage su fita teku a jere.

Hanyar mota ba ta ratsa kurmin ba sai a shekarun 1980, aka faɗaɗa ta aka gama a 2011. Har zuwa 2025 mai zuwa daga birni sai ya ƙetare kogi a jirgin fito na Binh Khanh. Wannan wahalar zuwa ta hana gundumar arziki, ita ce kuma ta tsare kurmin daga masu neman filin gini.

11. Halin da a ke ciki

A shekarar 2025 abubuwa uku suka faru waɗanda za su sake kamannin wurin. A Janairu gwamnati ta amince da shirin gina babbar tashar sauke kaya da sake lodi a bakin kogin Cai Mep, gefen gabas na gundumar. A Afrilu aka fara cike teku a gaban Long Hoa da Can Thanh don gina sabon gari mai faɗin hekta 2,870. A ranar 1 ga Yuli kuma Biyetnam ta soke matakin gunduma a ƙasar baki ɗaya, ta rage lardunanta daga 63 zuwa 34. Can Gio ta daina zama gunduma, aka raba ta ƙananan yankuna huɗu: Can Gio, da Binh Khanh, da An Thoi Dong, da tsibirin Thanh An. Aka kuma haɗa Vung Tau da birnin Ho Chi Minh, har gaɓa biyu na mashigin Ganh Rai suka koma hannun hukuma ɗaya.

Masu goyon bayan waɗannan ayyuka suna cewa ba a cikin cibiyar kurmin a ke yinsu ba, kuma mutanen wurin sun daɗe cikin rashi. Masana da ke da shakka kuwa suna nuni da cewa rayuwar kurmin gishiri ta rataya ne ga yadda ruwa ke shiga da fita da yadda laka ke kwanciya. In an canja siffar gaɓa aka yashe hanyar jirage, abin zai iya taɓa itatuwan da ba a sa musu gatari ba. Ga kuma hauhawar teku, a ƙasar da mafi yawanta bai kai mita 2 ba.

Abin da tarihin wurin ya nuna a fili shi ne, darajar Can Gio a idon masu mulki kullum daga kogin ta ke fitowa, kurmin kuwa a kan auna shi ne da abin da zai yi wa kogin da birnin: an sare shi don gawayi, an kashe shi don tsaron jirage, an dasa shi don kāre gaɓa. Feshin 'yan shekaru ya isa ya hallaka shi, amma sai da aka yi shekara 20 ana dashe kafin ya miƙe, shi ma don akwai Ca Mau da za a ɗebo iri. Wannan lissafi ne ya kamata a riƙa tunawa da shi a duk shawarar da za a yanke a kan wurin nan gaba.